Tafiya Mirya da 'Yar Rahoto a Damtse

Tun da muka dawo daga Nijar bakina bai huta ba. Mace za ta shigo da sunan sannu da zuwa, kafin ta gama zama a tabarma ta jefo tambaya. Wai da gaske ne an tsare Malam a kan iyaka saboda abin da ke hannunsa? Wai da gaske ne ya suma a mota, wata Buzuwa ta yi masa tofi ya farfaɗo? Jiya a gidan suna na tarar labarin ya kai inda aka ce ni ce na suma. Shi ya sa na ɗauko biro. Shekara talatin na yi ina koya wa 'yan firamare rubutu, bai kamata a ce labarina sai a bakin masu tallan awara za a ji shi ba.

Ga wanda bai san mu ba, ƙauyenmu yana gefen Dawakin Tofa ne, inda gona ke farawa daga bakin zaure ta ƙare a bayan katangar wani. Malam, maigidana, manomi ne: gero, dawa, gyaɗa, da 'yar fadamar albasa. Shekara takwas ke nan da aka ce yana da ciwon suga. Ya karɓi maganar likita da ladabi, kuma a gida yana kiyaye doka ƙwarai, ni shaida ce. Sai dai duk wata in an auna, a ga sugan can sama. Malam ya ce injin asibitin ne ya tsufa.

Da abin ya ishi Bilki, 'yarmu ta uku da ke aikin jinya a Kano, sai ta zo da wani farin abu zagayayye, faɗinsa bai wuce murfin kwalbar lemo ba, ta manna masa a bayan damtse. Akwai siririn tsinke a ƙarƙashinsa da ke shiga fata, yana auna suga dare da rana yana aika wa waya. A wayar kuma akwai manhaja mai abin nan da ake kira ƙirƙirarriyar basira. Ba lamba kawai take nunawa ba, nazarin mutum take yi. Takan ce nan da rabin awa suga zai hau, in an ɗau hoton abinci ta faɗi abin da zai jawo. Kowane maɓalli kwana goma sha huɗu yake yi a canza shi. Da yake Turanci take ji, wayar a hannuna ta zauna, Bilki kuma tana ganin komai a tata wayar daga Kano.

"Umma, ki riƙe abu biyu," in ji Bilki. "In ya wuce ɗari da tamanin, ya hau. In ya yi ƙasa da saba'in, ya faɗi, kuma wannan ya fi gaggawa."

Na ji rabin farko da kyau. Na biyun na ɗauke shi irin rubutun jikin kwalin magani ne, don mu a gidan nan ba mu taɓa ganin sugan Malam ya yi niyyar saukowa ba.

Da farko basirar ba ta burge ni ba. Na ɗau hoton tuwon dawa miyar kuka, ta ce kek ne na cakulan. Na nuna mata ɗanwake, ta ce ƙananan nama ne, a ci lafiya. Sai da na zauna da ita kamar ɗan aji ɗaya, ina gyara mata. Amma kafin wata guda ta yi abin da na kasa yi a shekara takwas. Wata safiya ta rubuto cewa ta lura duk ranar kasuwa, bayan la'asar, suga na tashi sama, ko akwai wani abinci na musamman da ake ci a wannan lokacin? Na karanta wa Malam a nutse, na fassara masa kalma-kalma. Shi ne mutumin da duk ranar kasuwa yake zuwa duba farashin awaki, alhali rabonmu da sayen akuya tun auren Bilki. Ashe akwai wata rumfar fura, kusa da ita kuma mai rake.

Daga ranar ya raɗa mata suna 'yar rahoto.

Dalilin tafiyarmu kuwa Yaya Hajo ce, yayar Malam uwa ɗaya uba ɗaya, wadda aure ya kai Mirya, gaba da Damagaram. Shekara ashirin da biyu ba su yi magana ba. Lokacin da mahaifiyarsu ta kwanta ciwon ajali, Yaya ta yi ta aiko da tambaya, Malam yana mayar da amsa ɗaya: da sauƙi, kar a tayar mata da hankali. Sai da aka yi kwana biyu da binne tsohuwa ta iso. Ta zauna makoki kwana uku a tsakar gidanmu, duk kwanon da aka ajiye mata a rufe ake ɗauke shi. Ta tafi ba ta yi wa ɗan'uwanta sallama ba. To bana, bayan an gama maimai, gero ya fara fitar da kai, sai ga saƙo daga 'yarta: Yaya ta ce Tanko ya zo. Haka kawai. Tanko shi ne sunan da take kiran Malam tun yana goye.

Kwana biyu bai je gona ba. A na uku ya ce in haɗa kaya. Bilki ta ba ni maɓalli na biyu in riƙe, saboda na hannunsa zai ƙare muna can. Ni kuma na haɗa guzuri irin na matar da ta san aikinta: busasshen zogale, ƙuli-ƙuli, soyayyiyar gyaɗa, ruwa. Ko ƙwayar suga babu.

Mun hau mota da sassafe. Kafin Kazaure na ga aljihun Malam ya yi wani kumburi. Dabino ne, ƙulli guda.

"Tsarabar Yaya ce," in ji shi.

"Daga Dawaki za ka kai wa mutanen Nijar dabino, Malam? Daga ina ake kawo mana shi?"

Na miƙa wa wata mai goyo da ke gefena, ta yi ta sa mana albarka. A tashar Daura na gano alewar madara a cikin naɗin hularsa, ita ma na yi sadaka da ita. Ranar na tara lada mai yawa da dukiyar mijina, kuma ina jin kaina kamar wadda ta ceci rai.

A kan iyaka aka sauke mu, maza layi daban, mata daban. Namu ya fi tsawo. Ina tsaye da katina a hannu sai wayar ta fara ƙara a jakata, irin ƙarar da na haddace. Na ɗaga kai na hango Malam a gindin wata bishiya yana goge baki, wata mai kunun aya na ƙoƙarin ɓoye kofi. Kafin in ƙarasa ya naɗe hannun riga zai yi alwala, wai ko na ɗauka abin da ya kai shi wurin ke nan. Nan wani jandarma matashi, irin jami'an tsaronsu na can, ya ga farin abu a manne da fatar tsoho, ga kuma jakar matarsa tana kuka.

"Baba, mine ne wanga?"

Malam ya nuna ni da haɓa. "Tambayi shugabar tafiya."

Aka kai mu wata rumfa, ba da tsawa ba, amma dai aka kai mu. Na yi bayani sau uku. Na nuna lamba, na nuna kibiyar da ke kallon sama, na nuna mai kunun aya a matsayin hujja. Babbansu, wani mai furfura a gemu, ya karɓi wayar ya daɗe yana kallo. Ashe mahaifiyarsa ma tana da ciwon, su diyabet suke ce masa. Ya ce kullum sai an yi rigima kafin ta yarda a soke mata yatsa. Ya tambayi inda ake samu, ya rubuta a bayan wata takarda. Sannan ya dubi Malam.

"Yanzu in ka ci abu a ɓoye, ta sani?"

"Ranka ya daɗe, abin da ta fi ƙwarewa a kai ke nan."

Suka yi dariya, suka ce mu sauka lahiya. Iyakar tsarewar da ake ta yaɗawa ke nan, ba ta kai rabin awa ba.

Muna barin iyaka layin wayata ya ɗauke. Lambar suga tana nan tana fitowa, don ita tsakanin damtse da waya ce. Amma mai ba da shawarar ta rubuta cewa ba za ta iya nazari ba sai an sami sadarwa, Bilki ma ta daina ganinmu. Na faɗa wa Malam. Rabon da in ga fara'a irin wannan a fuskarsa tun shekarar da albasa ta yi tsada.

"Alhamdu lillahi. Ashe ita ma ba ta da takardar shiga ƙasa."

Mun isa Matamaye da sauran rana, akwai ma motar Damagaram tana lodi, amma Malam ya ce bayansa ya riƙe. Na san ba baya ba ne, fargabar haɗuwa da Yaya ce. Aka nuna mana gidan wata dattijuwa da ke saukar da matafiya. Ɗakin da ta ba mu fes, amma kaya kawai muka ajiye a ciki, don su can da yamma kowa janyo gadonsa yake yi tsakar gida. Hausarsu ɗaya da tamu, sai ka saki jiki ta yi maka kwana. Asibiti shi ne likita, likita kuma lokotoro. Na tambayi inda zan sami layin waya, aka ce babu rezo mai kyau, wato sadarwa, sai Damagaram. Burodinsu dogo ne kamar sandar makiyayi, a hammata ake ɗauko shi ba leda. Fura kuwa, hura suke cewa, ba abin marmari ba ce kamar a wurinmu, ita ce abincin. Shayi a wani ɗan kofi ake ba ka wanda bai fi kurɓa biyu ba, zagaye uku, kowane zagaye ya fi na baya zaƙi. Na hana Malam dukkan ukun. Matar gidan ta dube ni ta ce ta daɗe tana jin matan Najeriya akwai ƙarfin hali, yau ta gani.

Bayan magariba muna cin wake da zogale ya yi maganar da ke cinsa.

"Kin san Yaya da girki. Funkaso da zuma, alkaki, nakiya. In ta ajiye mini na ƙi ci, me za ta ɗauka?"

"Ka ɗan taɓa kaɗan, ka yi mata bayani."

"Wadda ta yi kwana uku a gidana ba ta buɗe kwano ba? In na tsakuri abincinta, cewa za ta yi ramawa na zo yi."

Na ce Allah ya kai mu goben. Da na san lissafin da yake yi a ransa, da ban bar kwalbar maganinsa a aljihunsa ba.

Da safe ya ce ba ya jin yunwa, ko burodin bai taɓa ba. Na ji daɗi ma, na ce ga mutum ya fara hankali. Motar da muka samu ta girmi direbanta, an ɗaure mata buhunan albasa da akuya biyu a sama. Mun yi tafiyar kamar awa guda ta yi tari ta tsaya. Na leƙa ta taga. A wajenmu in mota ta mutu, kafin direba ya buɗe gaba mutum goma sun fito daga gonaki suna ba shi shawara. Nan kuwa gero ne iya ganinka, an shuka shi nesa-nesa kamar ana jin tausayin ƙasa, babu ko rumbu ɗaya. Direba ya ce a tura. Malam, mai shekara sittin da bakwai, shi ne farkon sauka, wai kar a ce mutanen Kano ragwaye ne. Sau huɗu suna turawa a rana kafin ta tashi.

Mun koma mota ba da daɗewa ba wayar ta fara ƙara. Wata irin ƙara ce da ban saba ji ba, amma ko dubawa ban yi ba. Na juya kansa.

"Me ka ci?"

"Ban ci komai ba."

"Malam, a gaban mutane? Wa ya ba ka?"

Gumi ya jiƙa masa riga, hannunsa na rawa a kan gwiwa. Na ce a raina ga alamar marar gaskiya nan. Na sa hannu a aljihunsa, na duba hula, mutanen mota na kallo.

"Ki rabu da ni, Saude!"

Shekara talatin da takwas muna tare, bai taɓa kiran sunana a gaban baƙi ba, bai kuma taɓa yi mini tsawa irin wannan ba. Maganar ma a karkace ta fito, kamar harshensa ya yi nauyi. Sai a lokacin na ciro wayar. Fuskarta ta yi ja. Sittin da biyu, kibiya ta miƙe tana kallon ƙasa. Ina kallo ta koma hamsin da bakwai. A ƙasa layi ɗaya ne rak, wanda ba ya buƙatar sadarwa: a ba shi suga yanzu.

Rabin maganar Bilki na biyu ya faɗo mini gaba ɗaya. Na zazzage jaka a cinyata. Zogale. Ƙuli-ƙuli. Gyaɗa. Dabinon da zai yi aikin nan yana can cikin 'ya'yan mai goyo, alewar tana Daura. Ni da na yi kwana biyu ina ƙwace zaƙi daga hannun bawan Allah, na miƙe a cikin mota har kaina ya bugi rufi.

"Jama'a, wa ke da suga? Don Allah, suga!"

A kujerar baya akwai wata tsohuwar Buzuwa da tun da muka taso ba ta ce uffan ba. Ta kwance bakin mayafinta, ta fito da ƙanƙarar suga ta shayinta, ta jefa huɗu a kofi, ta zuba ruwa ta juya da yatsa. Babu wani tofi. Allah ya sa Malam yana iya haɗiya. Ni na riƙe masa kofin, da hannun nan nawa da ya yi shekara takwas yana ɓoye gwangwanin suga a bayan tukwane.

Direba ya tsaya. Na ɗaga wayar, mota gaba ɗaya ta leƙo. Hamsin da biyar. Ta tsaya a nan har na fara karanto duk addu'ar da na sani. Aka ƙara masa kofi na biyu. Kibiya ta kwanta. Sittin da ɗaya. Wani mai albasa ya fara sanarwa ga na baya da ba sa gani, kamar mai sharhin ƙwallo: "Sittin da takwas! Saba'in da huɗu!" Da ta kai tamanin direba ya yi kabbara, akuyoyin sama suka amsa. Aka ba Malam burodi, wata ta ba da hura. Ya ci, ya jingina, idonsa ya dawo nasa.

"Ƙwaya biyu na sha maimakon ɗaya," ya ce a hankali. "Na ƙi karyawa kuma. Na ce in share wa abincin Yaya wuri."

Na tattara guzurina na mayar cikin jaka. Buzuwar ta ɗaure bakin mayafinta ta dube ni.

"Ke matarshi ce ko jandarmarshi?"

Na ce mata ni ma yau ban sani ba.

A Damagaram na sayi layinsu na kira Bilki. Ta yi kuka, ta yi faɗa, ta sake yin kuka. Ta ce irin maganin nan yana daɗewa a jiki, kar ya ƙara shan ko ɗaya sai ta ce, ya riƙa cin abinci a kan kari, kuma in sayi suga in riƙe a jaka har abada. Muna cikin haka 'yar rahoto ta sami rezo ta farka. Ta yi nazarinta ta rubuto cewa ta lura an motsa jiki sosai da safiyar nan, madalla, a ci gaba da haka, sai dai a riƙa karyawa tukuna. Na fassara wa Malam. Ya ce a gaya mata ya gode, in mota ta sake mutuwa ita za ta tura.

Mun shiga Mirya bayan azahar, gari shiru kamar an yi shara, don su can da rana kowa rufe ƙofa yake yi ya kwanta, har masu kanti. Rabi, 'yar Yaya, malamar makaranta ce, lakkol suke cewa. Ita ta tarbe mu ta kai mu wata rumfa a tsakar gida. Yaya Hajo na zaune a bakin gado, an rufa mata zane daga ƙugu zuwa ƙasa. Na san ta doguwa mai jiki, yanzu ta zama rabin kanta. Ta juyo da fuska wajen takunmu, amma idon bai sauka a kanmu daidai ba.

"Tanko ne?"

"Ni ne, Yaya."

"Muryarka ta tsufa."

Ya durƙusa ya gaishe ta. Aka tambayi gida, aka tambayi damina, aka tambayi mutanen da rabinsu sun mutu. Gaisuwa ce irin ta mutanen da ke tsoron ta ƙare. Sai Rabi ta kawo kwanuka ta jera a gabanmu. Na ga Malam ya gyara zama, ya yi bismilla irin ta wanda zai shiga yaƙi. Ya buɗe na farko: dafaffen zogale da ƙuli. Na biyu: wake, ko mai bai ji sosai ba. Ga shayi, Rabi ta ce a yi haƙuri babu suga.

Ya dube ni, na dubi rumfa.

"Ku yi haƙuri da abincin," in ji Yaya. "Gidan nan lokotoro ne ke mulki."

Ta janye zanen. Ƙafarta ta hagu daga ƙasan gwiwa babu. Ta ce ciwon suga ne, ta daɗe da shi ba ta sani ba, sai da ƙaya ta soke ta miki ya ƙi warkewa. Bara aka yanke. Idon ma shi ne ya taɓa.

Malam ya ajiye cokali. "Bara, Yaya? Shekara guda, ba wanda ya aiko mini?"

"Na ce kar a tayar maka da hankali." Ta mayar da zanen ta gyara shi a nutse. "Ai da sauƙi."

Rabi ta tashi ta shiga ɗaki. Malam ya sunkuyar da kai ya daɗe, da ya ɗago gemunsa a jiƙe yake.

"Na ɗauka za ta tashi, Yaya. Wallahi na ɗauka Inna za ta tashi."

"Na sani," in ji ta. "Ni ma na ɗauka ƙafar za ta warke. Ci abincinka."

Ya cinye zogalen tas, ya suɗe kwano. A gida sai na yi da gaske yake cin cokali uku.

Da la'asar wayar ta yi 'yar ƙara tana neman caji, Yaya ta tambayi mene ne. Na ba ta labari tun daga rumfar fura har Buzuwa. Ta ce Tanko ya matso. Ta laluba damtsensa har ta sami maɓallin, ta yi ta zagaya shi da yatsa.

"Yanzu 'yarka tana Kano, ta san abin da ke cikin jininka?"

"Ta sani."

"Ko ka ce mata da sauƙi?"

"Ko na rantse."

Ta yi dariya har da tari. "Ashe sai da aka ƙera inji kafin a sami mai faɗin gaskiya a zuriyarmu."

Kwana tara muka yi. Kullum da hantsi za a fito da su biyu rumfa, su yi ta musu a kan gonar da kakansu ya fara nomawa da sunan jakin da suka yi a yarinta. Ni da Rabi mukan shiga kasuwa. Na ga lambunan da ban zaci akwai irinsu a ƙasar ba, na sayi cuku da kilishi, na koyi cewa in an ce mini kuɗin abu in yi shiru Rabi ta yi magana, don da na buɗe baki ake gane daga inda na fito.

Ranar da maɓallin Malam ya cika kwanakinsa, na ɓare shi na ɗauko sabon. Ya riƙe hannuna.

"Yaya za a sa wa."

Na kira Bilki don ta hana shi. Ta fara faɗa, ya karɓi wayar ya ce, "Ni ina da mai gadi, har aljihu take dubawa. Ita sau ɗaya a wata ake auna ta." Sai Bilki ta ce a ba Rabi. Ta koya mata yadda za ta sa manhajar a tata wayar, da yadda ake mannawa, ta kuma maimaita mata maganar saba'in sau uku, ina ji ina kallon gefe. Da tsinken ya shiga Yaya ko motsi ba ta yi ba. Ta ce wanda aka yanke wa ƙafa ba a ba shi haƙuri a kan tsinke.

Daga baya Rabi ta gaya mana ta kai wa lokotoro bayanan mako biyun, ya ga ashe sugan Yaya faɗuwa yake yi kafin asuba ba wanda ya sani, ya sauya mata yadda take shan magani. Malam kuwa da damtse fayau ya dawo gida, muka koma sukar yatsa kafin Bilki ta samo wani. Dawowar ba abin da ya faru, motar ma ba ta mutu ba.

Da safen da za mu taho, mun riga mun yi sallama har mun kai zaure, Yaya ta sa aka kira shi. Ina tsaye ina ji.

"In an yi girbi Rabi za ta kawo ni. Ba cikin maƙabarta zan shiga ba, kuma ba gani zan yi ba. Ka tsayar da ni a bakin hanya, ka juya fuskata wajen da Inna take, ka ce mini ga ta can."

"In sha Allahu, Yaya. Na san wurin. A gindin darbejiya ne."

Washegarin dawowarmu, kafin ya je duba gero, maƙabarta ya fara zuwa. Ya dawo ya zauna a zaure, na tambaye shi yadda ya tarar. Ya ce darbejiya bakwai ce yanzu a wurin, kuma dattawan da suka haƙa kabarin saura mutum ɗaya, shi ma wani lokaci ba ya gane 'ya'yansa. Na ce masa Yaya ba gani take yi ba, duk inda ya juya ta addu'arta za ta isa.

Ya ce ya sani. Ya ce sau ɗaya ya taɓa gaya mata abin da bai tabbatar ba, ba zai ƙara ba.

Yau kwana goma sha ɗaya ke nan, kullum bayan la'asar sai ya je ya zauna wurin tsohon nan, yana jiran ranar da hankalin tsohon zai dawo ya nuna masa kabarin. Gero kuma ya fara nuna.